Kafin Ka Aiko wa Baba Injin Jan Gura

Wani matashi ɗan Gaya da ke karatu a Bankuba, can yammacin Kanada, ya turo mini ɗan bidiyo da tambaya. A bidiyon, wani Bature ne tsaye cikin jirginsa, hannu ɗaya riƙe da kofin shayi, ɗayan yana ɗan taɓa igiya, ga wani ƙaramin inji a gefen jirgin yana ta zaro ta daga ruwa shi kaɗai, har tarkuna huɗu suka fito a jere maƙil da jatan lande. Sai ya rubuta a ƙasa: “Kawu, kafaɗar Baba ta soma ba shi wahala, kuma ya ƙi barin su. Na ɗan tara abin da na tara. In sayi wannan in aiko masa?”

Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ba kowane ɗa ne zai ga Bature yana shaƙatawa ya tuna da kafaɗar ubansa ba. Amma dakata da biyan kuɗin tukuna, mu yi magana.

Waɗanda ka gani ɗin nan, su na nishaɗi suke yi, ranar hutu, da lasisi a aljihu, kuma dokar wurin ba ta yarda mutum ɗaya ya wuce tarko huɗu ba. Jatan landen da suke nema can ƙasan teku yake, mita 60 zuwa 100, wani lokaci ma fiye. Ka ƙiyasta igiya mai tsawon filin ƙwallo, an saƙa dalma a cikinta don ta nutse, ga tarkuna, ga nauyin da aka ɗaura musu, a ce mutum ya jawo wannan da hannu sau uku a yini. Zurfi ne ya haifi injin. Shi ya sa kamfanoni irin su Scotty da Ace Line Hauler, duka na yankin da kake zaune, suke ƙera shi ya yi aiki da batir mai bolt 12, ya ja abin da bai wuce kilo 45 ba ko kusa da haka, a hankali, na tsawon mintuna, ba tare da ya yi zafi ba.

To ka dawo gida. Kogin Kwara a Gaya faɗi gare shi, amma ba shi da irin wancan zurfin. Idan ruwa ya janye, daga Afrilu zuwa Yuni, wurare da yawa gwangwala na taɓa ƙasa, wasu ma yara na ratsawa da ƙafa tsakanin tudun yashi. Jatan lande kuma ba sana'armu ba ce. Wanda mata ke saya don miya busasshe ne, daga bakin teku ake kawo shi. Babban jatan lande na kogi yana buƙatar ruwa mai ɗan gishiri kafin 'ya'yansa su rayu, don haka a ƙasan kogin Weme da tafkin Nokuwe na kudancin Benin ake kama shi, mu kuwa tun 1968 madatsar Kainji ta shiga tsakaninmu da teku. Baba kifi yake nema: tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, in an yi sa'a ragon ruwa. Kuma da gura yake nema.

Nan ne maganar ta fara cije wa. Gurar da muka sani saƙar sanduna ce masu lanƙwasa, an lulluɓe da raga, a jefa dunƙulen dusa a ciki, a danne da dutse a ruwan da bai wuce ƙugu ko ƙirji ba. Ɗaga ta ake yi, ba jan ta ba. Ranar da ka ɗaura mata igiya ka miƙa wa inji, sandunan za su fito, ragar ta tsaya a laka. Duk gurar da za a ja da inji sai an yi mata ƙashi na rodi mai kaurin milimita 6 ko 8 wajen mai walda, da zobe mai ƙarfi a ƙasa inda za a ɗaure. Wannan wani kuɗi ne daban, kuma ya kamata ya shiga lissafinka tun yanzu. Mamari kuwa kada ma a kusanto da shi wurin injin. Igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi tana gudu ta gaban hannun mutum da ƙarfin wuta, ba sai na faɗa maka ƙarshen labarin ba.

Saboda haka abin da za ka fara aikowa ba inji ba ne. Ka turo jika kaɗan a sayi sikelin rataye, irin wanda masu sayen hatsi ke rataya buhu, mai kai kilo 50. Ka sa ƙaninka ya bi Baba ruwa kwana uku, ya rubuto maka abu uku. Zurfin kowane gurbi da Baba ke ɗana tarko, da igiya da dutse za a auna. Nauyin ja, wato a maƙala sikelin a jikin igiya a ja, a duba inda allurar ta kai a daidai lokacin da tarkon ke ɓallewa daga laka, don nan ne ta fi hawa. Sai yawan ja a yini. Kuma a maimaita awon a lokaci biyu na shekara, domin kogin namu sau biyu yake cika: jan ruwan damina na Agusta da Satumba, mai laka da shara, da wanda ke isowa cikin hunturu daga tsaunukan Gini bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Tarkon da ya nuna kilo 10 a watan Mayu yana iya nuna 30 a Satumba, idan kainuwa da ciyawar burgu sun naɗe igiyar.

Idan awon ya nuna zurfin bai wuce mita biyar ba, nauyin kuma bai kai kilo 15 ba, shawarata ita ce ka bar maganar inji. Abin da ke kashe kafaɗar masunci ba nauyin kaɗai ba ne, yanayin jan ne: mutum ya sunkuya a bakin jirgi, ya miƙa hannu waje, yana ɗagowa sama. A kafa ɗan ƙarfe a goshin jirgin, a sa masa faifan nan mai kwari da igiya ke bi ta kansa, wanda makanikai ke ce wa fuli, irin na rijiya. Baba ya zauna daram a tsakiyar jirgi, ya tokare ƙafa, ya riƙa jawowa zuwa ƙirjinsa. Nauyin bai ragu ba, amma ya tashi daga kafaɗa ya koma baya da cinya. Kuɗin wannan bai kai na aiko da injin ba, balle na sayensa. Ragowar ka kai Baba asibiti a duba kafaɗar.

Idan kuwa Baba na aiki a gurabe masu zurfi, yana jera tarkunan ƙarfe da yawa a igiya ɗaya, awon yana kai kilo 20 zuwa 30 sau da yawa a yini, to inji na da amfani. Sai dai a nan mutanenmu ke yin kuskuren da ni ma na taɓa yi, wato zaton wanda ya fi ƙarfi shi ya fi kyau.

Shekarun baya wani abokina ya samo wincin ƙaramar mota, irin wanda ake ɗaurawa a gaba don fitar da ita daga taɓo. A jikinsa an rubuta yana jan fiye da tan guda. Muka ɗaure shi a gefen kwale-kwalensa muna ta yabon kanmu. Ja na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku tarkon ya sarƙe da wani itace da ruwa ya binne. Winci bai san itace ba. Da tarkon ya ƙi zuwa wurin jirgi, sai jirgin ya tafi wurin tarko. Ina kallo bakin jirgin ya sunkuya, ruwa ya fara shigowa siriri kamar ana tsiyaya shayi, sannan ya zubo gaba ɗaya. Makunnin irin na fitilar ɗaki ne, kuma yana can gefen da ya nutse. Da hannu na fizge wayar daga kan batir, tartsatsi ya ƙone mini yatsa biyu. Mun yi rabin awa muna kwarfe ruwa da ƙwarya, ba mai ce wa kowa uffan.

Kwale-kwale siriri ba ya buƙatar tan guda kafin ya kife, nauyin mutum ɗaya a gefe ya isa. Don haka ka nemi injin da zai gaji ya tsaya kafin jirgin ya karkata. Kilo 40 zuwa 45 ya isa, kuma ko shi da sharaɗi. Ka zaɓi mai faifai buɗaɗɗe, wanda igiya ke hawa ta sauka a tara ta cikin baho, ba mai ganga da ke naɗe ta a jikinsa ba. Mai faifai, da ka saki hannu ko ka ɗage igiyar, ja ya ƙare. Mai ganga kuwa ya riƙe ke nan. Ka duba kaurin igiyar da faifan ke karɓa, yawancinsu milimita 6 zuwa 8 ne, don idan igiyar kasuwa ta fi kwarin faifan kauri ko ta fi shi siranta, sulɓewa za ta yi ta yi. Kuma tunda babu mai sayar da kayan gyaransa daga Dosso har Birnin Kebbi, duk abin da ke cinyewa a jikinsa, bel ne ko faifai ko makunni, ka sayo biyu-biyu a kwali ɗaya.

Akwai kuma hanyar gida. Gaya garin manyan motoci ne, garejinta cike suke da tsofaffin kaya. Injin goge gilashin mota yana da giya a jikinsa, yana juyawa a hankali, kuma yana jure dogon aiki. Idan yana juyi 50 a minti, aka sa masa faifai mai faɗin santimita 10, zai jawo igiya mita 15 ko 16 a minti. Ƙarfinsa kaɗan ne, na ƙaramin tarko, amma ka ji abin da na ce game da ƙarfi. A kula dai, na manyan motoci yawanci bolt 24 ne, sai da batir biyu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sitatar mota. Makaniki zai ce maka tana da ƙarfi, kuma gaskiyarsa. Amma an yi ta ne don aikin daƙiƙa biyar, tana zuƙar wuta fiye da amfiya ɗari, kafin a jawo tarko uku ta yi hayaƙi.

Batun batir, bari mu yi lissafi, don masu shago za su so su ɗora maka mafi girma. Jan kilo 30 da saurin rabin mita a daƙiƙa yana cin wat kusan 150 a kan igiya. Ƙaramin inji da giyarsa sukan ɓatar da kusan rabin wutar a zafi, don haka batir zai fitar da wat 300, wato amfiya 25. Batirin dalma mai lamba 100Ah, idan ana so ya daɗe, rabinsa kawai ake sha, wato awa biyu na ja ba tsayawa. Bature mai igiyar mita 120 yana buƙatar wannan. Baba fa? Igiyar mita 40 ba ta kai minti ɗaya da rabi ba ta fito. Ja ashirin a yini bai kai rabin awa ba, wutar da zai sha ba ta wuce 12Ah ba. Batir mai 50Ah ya ishe shi har da rara, kuma yaro zai iya ɗaukar sa zuwa gida da yamma, alhali mai 100Ah yana kusan kilo 30. A sayi na sola, wanda aka yi don a sha a mayar, ba na tayar da mota ba. A gida a kafa faifan sola mai wat 50 zuwa 100 da kwanturolarsa. A sayi ɗan mita: batirin da ya huta ya nuna 12.7 cike yake, in ya sauko 12.2 ya kai rabi, a mayar da shi caji a ranar. Kwana da yunwa da zafin rana su ke kashe batir a ƙasarmu, don haka kada a bar shi cikin jirgi a bakin ruwa da tsakar ranar Afrilu.

Yanzu girkawa, wadda a ganina ta fi zaɓen injin muhimmanci. Bature a gefe yake ɗaura nasa saboda jirginsa faɗi gare shi kuma ruwansa ba ya gudu irin na kogi. Namu a goshi za a sa, ko kusa da goshi, yadda idan igiya ta miƙe jirgin zai juya ya fuskanci ruwa da kansa. Ja daga gefe alhali ruwa na dukan cikin jirgi, shi ne kifewa. A gitta katako mai kauri daga wannan baki zuwa wancan, a huda, a ɗaure da ƙusoshi masu noti da wosha mai faɗi ciki da waje. Ƙusar bugawa ba ta riƙe abin da ke jijjiga. Injin ya zauna ƙasa-ƙasa a kan katakon, hannun da ke ɗauke da fuli kada ya fita waje fiye da taƙi ɗaya, kada kuma ya yi tsawo sama, domin kowane ƙarin tsawo ƙarin ƙarfi ne na karkatar da jirgi. Batir ya zauna a tsakiyar ciki, cikin akwatin roba mai murfi da 'yar kafar iska, a kan katako don kada ya jiƙa, a ɗaure shi tam.

Waya ta zama gajera, mai kaurin da masu wuta ke kira ten-em-em, jan ƙarfe na gaske. A kankare bakinta da wuƙa a shago kafin a biya: idan ciki ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa launi, a ajiye musu kayansu. A sa fiyus a wayar ja, taƙi ɗaya daga kan batir, mai amfiya 30 ko 40 gwargwadon abin da takardar injin ta ce, kuma a gaya wa Baba da yaransa cewa ranar da ya ƙone ba a maye gurbinsa da zaren waya. Ƙonewarsa ita ce aikinsa. Makunni kuma ya zama irin na hon ɗin mota, wanda sai ana danne da shi yake aiki, da an ɗaga yatsa ya mutu. Shi kaɗai ba ya ɗaukar amfiya 25, sai a haɗa shi da rile, kowane mai wayarin mota ya san wannan. Da irin wannan makunnin muke da shi ranar winci, da yatsuna ba su ƙone ba.

Ga wata dabara da ba ta cin ko dala. Tsakanin babbar igiya da kowane tarko a sa ɗan guntun zare wanda zai tsinke a kilo 35 ko 40. A gwada shi da sikelin nan a gindin bishiya har a sami kaurin da ya dace. Idan tarko ya sarƙe, zaren ne zai tafi. Gara asarar gura ɗaya.

Igiyar kanta a nemi mai nutsewa. Shuɗiyar nan mai sheƙi da ake ɗaure kaya da ita a tasha iyo take yi a saman ruwa, rana kuma na cinye ta. Bayan da aka rufe gadar Malanbil a 2023, jiragen inji masu fito da mutane da kaya suka yawaita a kogin, kuma igiyar da ke kwance a saman ruwa farfela take jira. Ka yi asarar tarko, ka kuma jawo rigima da mai jirgin da ya tsaya cak a tsakiyar ruwa da fasinja talatin. Kafin a sayi ƙulli guda, a yanki ɗan guntu a jefa cikin bokiti a gani. Tsawonta daga tarko zuwa gorar alama ya ninka zurfin sau biyu, lokacin cikar ruwa sau uku, in ba haka ba gudun ruwa zai danne gorar ta ɓace. Jarka mai lita 10 mai launi ta fi gora ganuwa, a rubuta sunan Baba da fenti.

Kafin injin ya taɓa ruwa, a kai shi gaban Sarkin Ruwa da manyan Sarkawa su gani da idonsu, a nuna wa ma'aikatan gandun daji masu ba da takardar su. Dalili kuwa, doka ta hana kashe kifi da wutar lantarki, kamar yadda ta hana guba da nakiya, kuma duk wanda ya hango batir da wayoyi cikin kwale-kwale abin da zai fara zuwa ransa ke nan. Wanda ya ga injin yana jan igiya da rana tsaka ba zai yarda da tsegumi ba gobe. A kuma tuna iyakar Nijar da Benin cikin ruwan take. Hukuncin kotun duniya na 2005, wanda ya bai wa Nijar tsibirin Lete, ya ce tana bin babbar hanyar da jirage ke bi. Gurbi mai zurfi sau da yawa a wannan hanyar yake, don haka inji na iya kwaɗaitar da mutum zuwa inda takardarsa ba ta aiki.

Wani abu da bidiyon ba zai nuna maka ba: akwai yaron da ke jan igiya wa Baba, ɗan ƙaninsa ne ko almajiri, wanda rabonsa na kifi shi ne cefanen gidansu. Kuma akwai Baba kansa, wanda bai ce maka ya gaza ba. Ka kira shi ka nemi shawararsa kamar kai ne mai buƙata. Injin da aka aiko wa dattijo ba da saninsa ba, ƙarƙashin gado yake ƙarewa.

Gwajin farko a tudu za a yi. A ɗaure buhun yashi, a ja shi a ƙasa sau goma, a taɓa injin da wayoyi a ji ko sun yi zafi. Na biyu a ruwa iya gwiwa, a ɗaure igiyar a turke da gangan, a danna, a ga abin da jirgin zai yi da abin da zaren zai yi. Sai na uku a gurbi, mutum biyu a jirgi, da rigar ruwa. Mai kula da igiya ya tuɓe babbar riga, ya cire zobe da carbin wuya, igiyar da ta fito ta faɗa cikin baho, ba ƙarƙashin ƙafa ba. Wuƙa mai kaifi a ɗaure ta da zare a jikin katakon, inda hannu zai kai ko a duhu. Bayan aiki a ɗauraye lakar da ta shiga faifan, a shafa giris a kan batir, a rufe injin da buhu saboda ƙurar hunturu.

Ranar da tarko ya sarƙe, kuma zai sarƙe, a ɗaga yatsa, a sauke igiyar daga faifai, a tuƙa sama da wurin a gwada ja da hannu ta ɗaya ɓangaren. In ya ƙi, a ɗaura masa jarka, a lura da bishiyar da ke daidai da shi a gaɓa, a dawo masa a watan Mayu idan ruwa ya ja baya.